Kowa Mai Hoto Ne, In Ji Mutanen Garwa

Tun kafin in buɗe baki na san abin da za ku ce. Alhaji zai tura hula ƙeya ya ce, "Yanzu duk abin da ke damun arewacin Kamaru, ga tsadar taki, ga hanyar Ngaundere da ke cinye wa mutane tayoyi, ba a sami abin rubutu ba sai mai hoto?" Ɗan samarin da ke gefen tabarma, wanda tun da aka yi sallama bai ɗaga kai daga waya ba, zai ce ai zamanin nan kowa mai hoto ne. Malam kuwa zai yi gyaran murya, kuma duk majalisar ta san inda gyaran muryar nan ta dosa. Ku kwantar da hankalinku, kowa zai sami rabonsa. Wanda ya ji zafi ya matsa inuwar darbejiya. Garwa ce, dama ba a raba mu da zafi.

Kai ɗan samari, da kai zan fara, tunda ka fi kowa tabbacin abin da kake faɗa. Kowane gida a Yelwa da Lopere akwai allura da zare, amma daren sallah a ƙofar tela ake kwana. Miƙo wayar taka mu gani. Ga ka nan a jikin motar da ba taka ba. Ga ka kuma a jikin wata, ita ma ba taka ba. Ga farantin kifi an ɗauke shi kafin a sa hannu. Ga fuskarka filta ta wanke ta tas, har goggonka ba za ta shaida ka ba. A watan Janairun 2022, da gasar cin kofin Afirka ta sauka a filin Rumde Ajiya, babu wanda bai ɗaga waya sama ba. Ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema kowa ya zama ɗan jarida. Ranar da Tunisiya ta sallame su kuwa, 'yan'uwanmu na Yola da Mubi suka mayar da wayoyin aljihu suka kama hanya ko sallama babu (ku yi haƙuri, ba ni na ci ƙwallon ba). To ina hotunan suke yau? Wata wayar ta faɗa ruwa, wata an zare ta a kasuwa, wata ta cika aka goge komai don bidiyon biki ya sami wuri. Ko waɗanda suka tsira ka bincika, da wuya ka ga matar da ta kwana tana suyar kifi a bakin filin, ko ɗan acaɓan da ya yi cinikin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ko masu sharar da suka shigo da asuba bayan kowa ya watse. Kai kaɗai ne a ciki, da haƙoranka.

Mai hoton da nake nufi wani mutum ne daban. Abu guda yake zaɓa, gari ko sana'a ko wata musiba da ta sauka wa jama'a, ya zauna a kansa shekara da shekaru. Ya san sunan wanda ya ɗauka, ya rubuta ranar, ya rubuta abin da mutumin ya ce da bakinsa, ya komo bayan damina ya ga abin da ya sauya. Ba ya ce maka gyara tsayuwa, ba ya ce maka yi murmushi. Shaida yake tarawa, irin wadda jikanka zai duba ya san yadda ka rayu ba sai ya dogara da labarinka ba, wanda dukanmu mun san kana zuba masa gishiri.

Ƙasar nan ta daɗe tana shan hoto, sai dai masu ɗaukar baƙi ne 'yan wucewa. A 1926 marubucin nan na Faransa, André Gide, ya ratso daga Cadi tare da wani saurayi mai kyamara, Marc Allégret. Suka ɗauki dogayen ɗakunan laka na Musgum a bakin kogin Logon, suka bi ta Marwa da Rai Buba suka gangara Ngaundere. A farkon 1932 ayarin Marcel Griaule, wanda ya taso daga Dakar ya nufi Jibuti, ya ya da zango a Garwa bayan ya biyo ta Kano da Maiduguri. Ayarin nan ya koma Faris da kaya wajen 3,500 da hotuna wajen 6,000 daga ƙasashen da ya ratsa. Bayan yaƙin duniya na biyu René Gardi, mutumin Suwizalan, ya hau duwatsun Mandara ya zauna da maƙeran Mafa, littafinsa mai suna Mandara ya fito a 1953, fim ya biyo baya a 1959.

Ba zan zage su ba. Gardi ya ɗauki yadda ake narka tama a fitar da ƙarfe daki-daki, aikin da yau sai dai a ba ka labarinsa. Amma ku dubi abin da idonsu yake farauta: wanda bai sa tufa ba, ɗakin da ba su taɓa ganin irinsa ba, dokin lamiɗo cikin lifidi. Bahaushe mai awon gyaɗa a tashar jirgin ruwa, tela da kekensa, almajiri da allonsa, akawu da kekensa na hawa, waɗannan ba su cika ba baƙo mamaki ba, don haka ba su cika shiga kyamara ba. Ƙarƙashin hoton kuma galibi ƙabila ake rubutawa a gurbin suna: matar Fali, yaron Musgum. Matar nan tana da suna, Alhaji. Tana da miji, wataƙila da kishiya, da bashin da take bin maƙwabciyarta. Hotunan ma suna can Faransa da Suwizalan. Jikanta in yana son ganin kakarsa sai ya nemi biza, ko ya sayi data mai yawa kuma ya iya Faransanci.

"Mu ma ai muna da namu masu hoton," in ji Alhaji.

Gaskiyarka, kuma na san hoton da kake nufi, yana nan rataye a falonka sama da talabijin. Kai ne da ƙuruciyarka, babbar riga ta sha bugu, hula ta karkace, hannu ɗaya bisa rediyo mai kaset, an ɗan janye hannun rigar don agogo ya fito sosai. Bayanka labule ne da aka zana wa bene da jirgin sama, gabanka tukunyar furen roba. Rediyon na mai shago ne, agogon na abokinka ne, jirgin kuwa sai da furfura ta fara leƙowa ka shige shi za ka Makka. Kada ka ɓata rai, ban raina hoton ba ko kaɗan. Yana faɗin abin da saurayin Garwa yake mafarkin samu a zamanin Shugaba Ahijo, kuma wannan ma tarihi ne mai daraja. Irin wannan shagon Malick Sidibé ya riƙe a unguwar Bagadaji ta Bamako. Da rana ya ɗauki masu zuwa, da dare ya rataya kyamara ya bi samari da 'yan mata wuraren rawa, ranar hutu ya bi su bakin kogin Neja. A 2007 aka kira shi Venis ta Italiya aka ba shi Zakin Zinariya, lambar girmamawa ta aikin rayuwa, shi ne mai hoto na farko da ya karɓe ta.

Mu ma nan kurkusa muna da irinsu. Joseph Chila ya yi aiki a Mayo Darle, Samuel Finlak a ƙauyen Atta, duka a yankin Adamawa wajen iyakar Najeriya. Can yamma a Mbuda akwai Jacques Toussele, wanda a hannunsa Chila ya koyi sana'ar. Tuwonsu na kullum shi ne hoton katin ɗan ƙasa. Doka ta ce kowane baligi ya mallaki kati, kati kuma sai da hoto, saboda haka talakan da ba zai taɓa tunanin shiga shagon hoto ba dole ya zo ya zauna a kan benci a ɗauke shi. Tunda an zo, sai a ƙara da na amarya, na jariri, na abokai biyu cikin anko, na mamaci ranar jana'iza a inda al'ada ta yarda. Ba su ce suna rubuta tarihi ba, abinci suke nema, amma fuskokin ƙauyuka sukutum suka taru a akwatunansu. A 1998 gwamnati ta sauya tsarin katin, aka koma ɗaukar hoton a wurin yin katin, ga kuma injinan wanke hoto mai launi sun shigo birane. Sana'ar baƙi-da-fari ta durƙushe. Wani malamin jami'a daga Ingila, David Zeitlyn, wanda ya daɗe yana bincike cikin Mambila, shi ya tsaya a kan aikinsu. A 2005 aka baje hotunan Chila da Finlak a gidan hotunan mutane na ƙasa da ke Landan, a 2021 aka baje na su ukun a gidan tarihi na Fowler da ke Los Anjalas. Babban ɗakin karatu na Birtaniya ya ba da kuɗi aka kwafe dubun-dubatar negatif ɗin Toussele aka adana a kwamfuta.

Masu hoton fasfo fa, Alhaji. To tashi ka je gidan tsohon mai hoton unguwarku, wanda ya ɗauke ka da rediyon nan, ka tambayi 'ya'yansa inda negatif ɗinsa suke. In an ce maka suna nan lafiya, ka yi sadaka. In an ce gara ta yi walima da su, ko an ƙone su ranar da aka mayar da shagon wurin cajin waya, to aurenka da na abokanka da rabin unguwar ne aka ƙone.

Yanzu bari in kawo wadda na zo dominta. Bappa, ka dafa sandarka da kyau, domin Babarbariya ce. E, ta Maiduguri. Na san tsakanin Fulani da Barebari ba a shiga, kowa na rantsuwa ɗayan yaron gidansa ne. Ni Bahaushe ɗan kallo ne a wannan kokawar, amma ɗan kallo yana da bakin faɗin wanda bayansa ya taɓa ƙasa. A wannan karon dai an kayar da ku, ku karkaɗe riga.

Sunanta Fati Abubakar. A Maiduguri ta tashi, kuma ba makarantar zane ko ta jarida ta yi ba. Aikin jinya ta karanta a Jami'ar Maiduguri, sannan ta tafi Landan ta yi digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a jami'ar London South Bank. Shekarun nan su ne sunan Borno ya cika duniya ta mummunar hanya. A watan Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Cibok. Duk wanda ya rubuta Borno a intanet, abin da zai fito masa ƙonannun motoci ne, da sojoji, da gawawwaki an lulluɓe da tabarma. Duk gaskiya ne, babu ƙage a ciki. Amma wanda ya girma a garin ya san a ranar da aka ɗauki hoton gawar, a layi na gaba an raɗa wa jariri suna, wata ta kai ɗinki, wani ya ci jarrabawa. A 2015 ta koma gida, ta buɗe shafi a Instagram mai suna Bits of Borno, ta rataya kyamara ta shiga gari.

Yadda take aikin babu wani asiri a ciki, shi ya sa ma yake da wuya. Ta tarar da mutum a bakin sana'arsa ko a ƙofar gida ko a sansanin 'yan gudun hijira, ta gaishe shi da harshensa, ta faɗi ko ita wace ce da abin da za ta yi da hoton, ta saurare shi. In ya yarda ta ɗauka, ta sa abin da ya faɗa a ƙarƙashi. Haka shafin ya cika da yara cikin kayan sallah, mata cikin laffaya masu launi, 'yan makaranta, 'yan kasuwa, dattawa, 'yan sa-kai masu gadin unguwa, zawarawa da marayu. Mutanen nan suna duban kyamarar ido cikin ido, domin sun san ana ɗaukarsu kuma sun amince. Ku tuna lokacin da take wannan yawon. Lokacin ne bam yake tashi a kasuwa da tasha da masallaci, lokacin da duk wanda ya tsaya cikin taro da wani abu a hannu ake yi masa kallon tuhuma.

A ina ta samo salon? Mai bibiyar harkar zai ga danginsa nan take. Akwai Humans of New York, wanda Brandon Stanton ya fara a 2010, hoton mutum guda da 'yan kalmominsa. Akwai Everyday Africa, wanda Peter DiCampo da Austin Merrill suka fara a 2012 don nuna rayuwar yau da gobe a nahiyar da aka saba nunawa cikin yunwa da yaƙi kawai. Amma ni a ganina babban malaminta ɗakin jinya ne. Ma'aikaciyar jinya an koya mata ta tambayi mutum ina ke ciwo, ta jira ya gama, kada ta yamutsa fuska in ta ga rauni, kada ta taɓa shi sai da izininsa, kada ta fallasa abin da ya ce a ɓoye. Mutumin New York da ke ba da labarin rabuwarsa da budurwa, in hoton ya fita, abin da zai same shi bai wuce tsokanar abokai ba. Matar da ta tsero daga Bama ko Gwoza, wadda wataƙila ɗanta yana hannun waɗanda ta gudo wa, fuskarta a intanet na iya zame mata bala'i. Sanin wa za a nuna da wa za a sakaya, ba a jikin kyamara aka rubuta shi ba.

Daga 2016 sai ga manyan kafofi a ƙofarta, New York Times da BBC da CNN. Ƙungiyoyi irin su UNICEF suka ba ta aiki, aka baje hotunanta a Legas da ƙasashen waje, daga baya ta tafi Jami'ar Duke a Amurka ta yi karatu mai zurfi a kan wannan fannin. Ku lura da jerin: sai da ta yi aikin sannan takardar ta biyo baya.

"To mu ina ruwanmu da Maiduguri?" Haba Bappa. Wutar da ta ci gemunsu ai ta lashi namu. A watan Fabrairun 2013 aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Waza. A Yulin 2014 aka afka wa Kolofata. A Yulin 2015 bama-bamai suka tashi cikin Marwa. Sansanin Minawawo da ke kusa da Mokolo tun 2013 yake karɓar mutanen Borno, dubun-dubatarsu, har yaran da aka haifa a can sun isa aike. Ofisoshin jakadanci suka shafa wa taswirar arewa jan fenti, masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga Rumsiki da Waza, masu yi musu jagora da masu sayar musu da kayan hannu suka koma zaman jira. Garwa tana nesa da filin daga, amma a idon mutumin Duwala ko na Faris duk arewa ce, duk abu guda ne. Wanda zai nuna bambancin sai ɗan gida.

Ga ɗan bokonmu can ya gyara tabarau, kuma shi maganarsa tana da nauyi. Cewa yake, "Wannan ai kwalliya ce ake yi wa masifa. A nuna yara suna dariya don duniya ta ce komai ya lafa, masu mulki su sami abin fakewa." Yallaɓai, rabin maganarka na karɓa. Rabin da na mayar maka shi ne, wanda ya bi aikin Fati ya san ba dariya kaɗai ke ciki ba. Akwai sansani, akwai rashi, akwai mutanen da suka rasa komai suna faɗa da bakinsu. Rabin da na karɓa kuwa ya shafi mai biya. Mai hoto ba iska yake ci ba, kuma a yankinmu kuɗin wannan aikin kusan duk daga ƙungiyoyin agaji da jaridun waje yake fitowa. Ƙungiya in tana neman taimako tana son yaro mai hawaye, in tana rubuta rahoton ƙarshen shekara tana son yaron nan dai yana dariya riƙe da bokiti mai tambarinta. Instagram kuma launi yake so, laffaya ja ta fi tattara masu yabo a kan layin awon hatsi. Mai hoton da bai yi hattara ba sai ya wayi gari yana ɗaukar abin da ake saye ya bar abin da yake gani. Wannan haɗarin na nan, kuma bai bar kowa ba. Maganinsa a sami mai biya a cikin gida, kuma zan dawo kan wannan, Alhaji, kada ka sulale.

Allah gafarta Malam, na ji gyaran muryar. Ba zan ja da kai a fagenka ba. Malamai sun yi magana, wasu sun tsananta, wasu sun raba hoton kyamara da gunki da sassaƙa. Ni dai na san fasfon da ka sauke farali da shi ba zanen ƙafarka aka manna a ciki ba, kuma almajirin nan da ke durƙushe gabanka da waya lokacin tafsiri ba kiran gida yake yi ba, Facebook yake watsa ka. Amma akwai inda nake bayanka ɗari bisa ɗari. A yi haɗari a hanyar Marwa, kafin a sanar da iyalan mamaci hoton gawarsa ya zaga WhatsApp, uwa ta ga ɗanta a wayar maƙwabciya. A kama ɓarawo, a tsiraita shi, a ɗauka. Mace ta faɗi a kasuwa, maimakon a rufa mata zane sai a ɗaga waya. Wannan tozarci ne, kuma masu yinsa su ne 'yan "kowa mai hoto ne". Mai hoton kirki da ke sallama, ya nemi izini, ya rufa asirin wanda ya kamata, ya fi kusa da karatunka fiye da yadda kake zato.

Goggo kuma tun ɗazu take taɓe baki: 'ya mace da kyamara tana gantali a titi, wa zai aure ta? Goggo, bar batun auren, Allah ke haɗawa. Ki duba wannan. Rabin rayuwar Garwa a bayan zaure take, inda aka rubuta ba shiga. Can ake ƙunshi, can ake wankan jego, can ake matse man gyaɗa a soya ƙuli-ƙuli, can ake zubin adashin da ke aurar da 'yan mata ya biya kuɗin makaranta. Gardi da duk kayan aikinsa bai isa ya wuce zauren nan ba, Chila ma sai dai a fito masa. 'Yarki kuwa sallama ɗaya za ta yi a ce shigo. In ba ta ɗauka ba, jikokinki za su zaci maza ne kaɗai suka zauna a garin nan, su da dawakinsu.

Kuma kada Fulani su ce an bar su ba abin tinƙaho. Garwa ta haifi Eldridge Mohammadou a 1934, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana bin fadojin lamiɓe da rakoda, yana zaunar da tsofaffi yana ɗaukar tarihin da ke bakinsu kafin a binne su da shi. Shi da Modibbo Ahmadu Bassoro suka rubuta tarihin garin nan. Abin da ya yi da kunne shi ne ake nema a yi da ido. Sai dai, Bappa, ka san inda ya je ya koyar a ƙarshen rayuwarsa kafin rasuwarsa a 2004? Jami'ar Maiduguri. Ko naku mai kyau sai da Barebari suka karɓe.

Abin ɗauka kuwa ba sai an je nesa ba. Sauka bakin Binuwai da sassafe cikin rani, lokacin da ruwa ya ja baya ya bar rairayi. Masu ɗiban yashi suna cikin ruwa iya ƙugu, su nutsa da bokiti su taso su juye a kwalekwale, har bakin kwalekwalen ya kusa shan ruwa sannan su tura shi gaɓa. Masu wanki sun shanya zannuwa bisa yashi an danne gefensu da duwatsu. Gefe guda an tayar da fadamar albasa a inda watanni kaɗan baya kifi ke iyo. Can tsakiya kunnuwan dorina biyu sun leƙo, kowa na aikinsa amma kowa ya san inda take. Wannan kogin ne da a shekarun baya jiragen ruwa ke hawowa daga kogin Neja cikin damina, su sauke gishiri da siminti su ɗauki gyaɗa da auduga, har Garwa ta zama tashar da ake ji da ita. Aka gama madatsar Lagdo a 1982, kogin ya sauya hali, masunta suka taru a tafkin daga ƙasashe daban-daban. A 2012 ruwa ya yi ambaliya ya ci gidaje da gonaki tun daga nan har cikin Najeriya. Wa ya bi iyali guda daga ranar da ruwa ya ci ɗakinsu zuwa ranar da suka sake yin rufi? Sani Maikatanga na Kano, wanda aka fi sani da hotunan hawan sallah, ambaliyar Auyo ta Jigawa ya je ya ɗauka, hoton ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa ta 2023. Ga auduga, wadda tun kafa Sodecoton a 1974 take juya rayuwar ƙauyukan nan, daga bashin taki zuwa ranar awo. Ga masakwa da ake dasawa bayan ruwa ya janye. Ga kasuwar Pitowa ranar Lahadi. Kowanne a cikinsu ya ishi mutum aikin shekara biyar.

To Alhaji, mun iso wurinka. Na ga abin da ka liƙa wa maroƙa a bikin 'yarka, na ga mai bidiyo da jirginsa mara matuƙi yana shawagi bisa kan 'yan ɗaurin aure. Ban hana ka ba, arziki naka ne. Amma kwatankwacin abin da ya tashi a yinin nan zai sayi kyamara mai kyau, ya riƙe yaro ko yarinya guda su bi masu ɗiban yashi ko matan adashi na tsawon lokaci ba tare da sun jira wata ƙungiya daga Jeniba ta faɗa musu abin da za su gani ba. Sharaɗin kawai a wanke hotunan a takarda, a rubuta suna da wuri da rana a bayan kowanne, a kai wa wanda aka ɗauka nasa, a ajiye kwafi a fadar lamiɗo ko a Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, wadda ɗakin karatunta yake buƙatar abin garin da zai ajiye. In sunanka kake so ya fito, a rubuta shi a bangon wurin baje kolin da manyan baƙaƙe. Maroƙi in ya gama kirari ya naɗe ganga ya tafi gidan wani.

Kai kuma ɗan samari, tunda na ga ka ɗago kai, wayar hannunka ta isa a fara da ita, ta fi abin da Toussele ya fara da shi nesa ba kusa ba. Juya ta kawai za ka yi ta daina kallonka. Fara da kakarka, ka tambaye ta yadda aka yi suka zo Garwa, ka bar ta ta gama kafin ka danna. Amma ka ji ni da kyau: kusa da gada, da filin jirgi, da barikin soja, mayar da ita aljihu sai ka nemi izini a rubuce. In jandarma ya riƙe maka wuyan riga, kada ka ce ni na aike ka.